Ruwan zafi kaɗai ba ya gina gari: darasin Lushon ga Tafadek ɗinmu

Ƴan uwa na Maraɗi, Damagaram, Tawa, Yamai da duk inda kuke bibiyarmu, yau tafiya za mu yi mai nisa, amma gida za mu dawo.

Duk wanda ke da tsoho a gida ya san maganar sanyin ƙashi. Da hunturu ya shigo, sai ka ji Baba na cewa gwiwa ta riƙe, Inna na cewa ƙugu ya ƙi miƙewa. A irin wannan hirar ne akan ji wani ya ce, "Ai ku kai ta Tafadek." Tafadek kuwa maɓuɓɓugar ruwan zafi ce a cikin duwatsun Abzin, kimanin kilomita 80 arewa da Agadas, inda mutane suka daɗe suna zuwa wanka don neman sauƙin ciwon gaɓɓai da cututtukan fata. Ra'ayina a kan wannan wuri shi ne: muna zaune kan arziki, amma arzikin ba zai tashi da kansa ba. Don in nuna dalilina, bari in ba ku labarin wani gari na Faransa wanda ruwan zafi ya haifa, ya ɗaukaka, ya kuma kusa kayar da shi.

Sunan garin Bagnères-de-Luchon, mutanen can kuma Lushon kawai suke ce masa. Yana can ƙuryar kudancin Faransa, cikin duwatsun Pirene da suka raba Faransa da Sifaniya. Daga birnin Tuluz kusan kilomita 140 ne. Daga garin zuwa iyakar Sifaniya kuwa, ta wata mashiga ta kan dutse mai suna Portillon, kilomita 10 ne ko da ɗan ɗoriya. Garin na kwance a cikin kwari, mita 630 sama da teku, daidai inda ƙananan koguna biyu, Pique da One, suka haɗu. Ruwansu na gangarawa ya faɗa kogin Garon, wanda ke ratsa Tuluz ya nufi Bordo. Duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina, waɗanda ke kudu ma sun haura mita 3,000. Don ku kwatanta, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar, can saman Bagzam, mita 2,022 ne. Kenan gari ne na ƙarshen hanya. Babu wanda ke bi ta Lushon don zuwa wani babban birni. In ka gan ka a can, to can ɗin ka nufa.

To me ke kai mutane? Ruwa. A gindin dutsen da ke yamma da garin akwai idanun ruwa masu zafi, masu ɗauke da farar wuta, shi ya sa suke da ɗan wari irin na ƙwan da ya lalace. Wannan zafin ba tsafi ba ne, ba kuma aikin aljanu ba. Ruwan sama da na narkakkiyar dusar ƙanƙara ne ke tsiyaya ta tsagogin dutse, ya yi ta nutsewa ƙasa. Cikin ƙasa kuwa, duk mita 100 da ka ƙara nutsewa, zafi na ƙaruwa da kusan digiri 3. Ruwan da ya kai zurfin kilomita biyu kenan ya riga ya yi zafin da hannu ba ya jurewa. A can yana narkar da ma'adinan dutse, sannan ya samu wata tsaga ya taso sama da sauri tun bai huce ba. Tafiyar nan tana ɗaukar dubban shekaru. Ruwan da mutum ke wanka da shi yau, ruwan saman da aka yi ne tun kafin a haifi kakannin kakanninsa. Haka abin yake a Lushon, haka yake a Tafadek, haka yake a Wikki ta Yankari can jihar Bauci.

Rumawa sun san da wannan ruwan tun kimanin shekara 2,000 da suka wuce. Sun gina wuraren wanka a kwarin, kuma an tono duwatsu masu rubutu da majinyata suka kafa don godiya ga wani abin bautar mutanen wurin mai suna Ilixon, wanda daga sunansa ake jin sunan Lushon ya samo asali. Da daular Rum ta faɗi, gine-ginen suka ruguje. Ku lura da nan, don nan ne gishirin labarin: ruwan bai ƙafe ba ko na kwana guda. Ya ci gaba da ɓuɓɓugowa da zafinsa da farar wutarsa fiye da shekara dubu, amma Lushon ta koma ɗan ƙauyen makiyaya a bayan dutse. Ruwa na nan, gari babu.

Abin da ya sake tashin garin shi ne zuwan wani wakilin sarkin Faransa a lardin, Antoine Mégret d'Étigny, a shekarar 1759. Mutumin nan ya duba ya gane ba ruwa ne ya yi ƙaranci ba, hanya ce babu. Sai ya sa aka gyara hanyar da ta taso daga Montréjeau zuwa cikin kwarin, ya kuma yanka wani faffaɗan titi, aka dasa masa itatuwa dama da hagu, daga tsohon ƙauyen har bakin idanun ruwan. Wannan titi har yau shi ne zuciyar garin, sunansa yake ɗauke da shi, mutum-mutuminsa kuma na tsaye a gaban gidan wankan. A 1763 wani babban hafsan soja kuma ɗan fada, Marshal Richelieu, ya zo jinya, ya koma fadar Versailles yana yabon ruwan. Shi ke nan, manyan ƙasa suka fara tururuwa.

Amma akwai ɓangaren labarin da bai kamata a tsallake ba. Mutanen ƙauyen ba su yi maraba da aikin d'Étigny ba. Filayensu titin ya ratsa, kuma babu wanda ya zauna da su aka yi shawara. Sai da aka kawo sojoji suka tsare aikin. Yau jikokinsu na cin moriyar titin, gaskiya ne, amma wannan ba hujja ba ce ta a yi wa mutane aiki bisa kansu. Zan dawo kan wannan in mun iso gida.

Daga nan abu ya yi ta bin abu. A 1848 aka fara ginin babban gidan wanka wanda magini Edmond Chambert ya tsara, mai ginshiƙan farin dutsen marmara na Saint-Béat da ke kusa. A 1873 jirgin ƙasa ya iso, tafiyar kwanaki a keken doki ta koma ta sa'o'i. Otel-otel suka tashi, aka yi gidan caca, aka yi lambuna, marubuta da ƴan siyasa da attajirai suka mai da garin wurin shan iskar bazara, har aka yi masa laƙabi da Sarauniyar Pirene. A 1910, lokacin da tseren keke na zagayen Faransa ya fara hawa manyan duwatsun Pirene, Lushon ce zangon da aka sauka, daga nan aka tashi zuwa Bayonne, tafiyar kilomita 326. A 1912 aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo mai haƙora wanda ke hawa dutse zuwa Superbagnères, mita 1,800 sama da teku, inda daga baya wasan sulu kan ƙanƙara ya kafu. Kun ga dabara: da zafi a zo wanka, da sanyi a zo wasa, gari ba ya zama fayau rabin shekara.

Akwai ma wani abu da zai burge duk wanda ya san sirace. An haƙa ramuka cikin dutsen, tsawonsu kimanin mita 150, inda tururin ruwan zafin ke cika wurin, zafinsa wajen digiri 40. Mutum ya shiga ya zauna na ƴan mintuna yana shaƙa, ya fito. Siracen da iyayenmu mata ke yi da tukunya da bargo, su dutse guda suka mai da tukunyar.

Sai dai abin da ya fi burge ni ba ginshiƙan marmara ba ne. Tsarin jinyar ne. A Faransa ba haka kawai mutum ke tashi ya ce ya tafi jinyar ruwan zafi a biya masa ba. Likita ne ke rubuta masa. In ya isa, wani likitan garin zai duba shi, ya faɗi irin wankan da zai yi da tsawon lokacinsa. Jinyar kwana 18 ce cikin mako uku. Tun 1947 asusun lafiya na ƙasar ke ɗaukar wani kaso na kuɗin. Kowane gari kuma an san cutar da aka amince ya kula da ita. Lushon an san ta da ciwon gaɓɓai da cututtukan hanyoyin numfashi, ba a ce tana maganin komai da komai ba. Ana gwada ruwan a kai a kai, in an ga ƙwayar cuta a rufe sashen sai an tsabtace. Duk da haka, har yau Faransawa na jayayya a kan ko amfanin jinyar ya kai kuɗin da gwamnati ke zubawa. Wannan jayayyar ma alheri ce, don tana hana masu wurin yin kuri da ƙarya.

Yanzu ga ɗaya gefen, don kada a ce na zo tallar garin Turawa. Lushon ta yau ba ta da ba ce. Garin da mazaunansa suka taɓa haura 4,000, yau ba su kai 2,500 ba, kuma da yawansu tsofaffi ne. Mafi yawan gidajen na baƙi ne masu zuwa hutu, a rufe suke galibin shekara. Da jirgin sama ya yi araha, masu kuɗi suka koma bakin teku da ƙasashe masu nisa. Magungunan zamani kuma suka rage masu buƙatar zuwa shaƙar tururi. Ƙaramin jirgin hawa dutsen nan an daina aiki da shi tun 1966. A watan Yuni na 2013 ruwan sama ya haɗu da narkewar ƙanƙara, kogin Pique ya yi ambaliya ya yi ɓarna a kwarin. A 2014 aka dakatar da jirgin ƙasa saboda layin ya lalace, garin ya zauna fiye da shekara goma babu jirgi, sai a Yunin 2025 hukumar jahar Oksitani ta sake buɗe layin bayan ta gyara shi. Kun ga, darasin d'Étigny ne ya sake dawowa: da hanya ta yanke, gari ya fara suma.

To mu dawo gida. Me wannan labari ke gaya wa ɗan Nijar?

Na farko, kada mu ruɗi kanmu cewa tunda muna da ruwan, sauran sai su zo da kansu. Lushon ta yi shekara dubu da ruwanta tana barci. Abin da ya tashe ta hanya ce, da tsari, da amana. Mu kuwa ba baƙi ba ne ga wannan tunani. Kowace shekara, ƙarshen damina, makiyaya na kora dabbobinsu zuwa filayen Ingal don su sha ruwan gishiri su lashi ƙasa mai kanwa, har abin ya zama babban bikin da duniya ta sani. Mutanen da suka gane amfanin ruwan ma'adini ga raƙumi da saniya tun ɗaruruwan shekaru, ba sai an koya musu darajar Tafadek ba. Abin da ya rage shi ne a tsara.

Na biyu, tsarin yana da farko yana da ƙarshe, kuma a ganina ba da otel ake farawa ba. A fara da gwajin ruwan. Muna da jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, muna da jami'a a Agadas kanta. A auna zafinsa, da ma'adinan da ke ciki, da yawan da ke fitowa a rana, a maimaita lokacin rani da damina, sannan a bayyana sakamakon da Hausa da Tamashek a rediyo, kowa ya ji. Ruwan da ya dace da wanka ba lallai ne ya dace da sha ba, wannan kuwa gwaji kaɗai ke iya rabewa. Bayan gwaji sai ma'aikacin lafiya mai zama a wurin, da abin awon jini. Wanka da ruwa mai zafi sosai na iya zama haɗari ga mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mace mai ciki. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin zafi na iya ƙonewa bai sani ba. Mai buɗaɗɗen gyambo in ya shiga kwarmi ɗaya da jama'a, ya ba su nasa ya kwashi nasu. Duk wurin da marasa lafiya ke taruwa, tsabta ita ce rabin magani: makewayi nesa da idon ruwa, ruwan sha daban, wurin mata daban cikin sutura, da sauya ruwan wanka a kan lokaci. Bayan waɗannan sai hanya, daga babbar kwaltar Agadas zuwa Arlit har bakin wurin, wadda ƙaramar mota za ta iya bi da tsohuwa a kwance ba tare da an ƙara mata ciwo ba. In an yi waɗannan, masauki zai zo da kansa, ƴan kasuwa ba sa buƙatar a roƙe su.

Na uku, mu san wa muke yi wa. Kuskuren da na fi tsoro shi ne a tsara wurin don Bature mai kyamara. Mun ga yadda wannan kasuwa take. Tawayen shekarun 1990, da na 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikata a Arlit a 2010, sun kori masu yawon buɗe ido daga Abzin, jagorori da maƙeran azurfa da masu motoci suka shiga wani hali. Ko shigar tsohon garin Agadas cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013 bai maido da su yadda suke da ba. Amma mai ciwon gwiwa na Tasawa ko Madawa ko Mirya, da na Katsina da Kano, ba ya jiran sanarwar ofishin jakadanci kafin ya taso. Shi ne abokin ciniki na dindindin. Lushon ma ba attajirai ne suka riƙe ta ba da zamani ya juya, majinyata talakawa ne waɗanda asusun lafiya ke taimaka wa.

Na huɗu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen da ke zaune a yankin, makiyaya da masu garake, su suka tsare wannan ruwa tun kafin a san da gwamnati. Kada a maimaita abin da d'Étigny ya yi, a zo da takarda daga Yamai a kewaye wuri da waya a ce an ba wani. A zauna da sarakunan gargajiya da hukumomin kwamin da mata da matasan wurin tun ran gini, a rubuta rabonsu, a rubuta cewa ɗan ƙasa marar hali ba za a hana shi wanka ba don ba ya da jikka. In ana son sashen masu kuɗi, a yi, amma kuɗinsa ya riƙe sashen talaka. Kuma a kiyaye gini a cikin kwari. Mu da muke ganin abin da ruwan dutse ke yi in ya gangaro lokaci guda, ambaliyar Lushon ta 2013 ba sabon labari ba ne a gare mu.

Na san abin da wasu za su ce. Wani zai ce, "Malam, ƙasa na fama da matsalar tsaro da tsadar hatsi, kai kana maganar wanka?" Gaskiyarka, ba na cewa a ɗauki kuɗin asibiti ko na lakwal a kai Tafadek. Amma duba abin da na lissafa: gwajin ruwa, ma'aikacin lafiya, makewayi, gyaran hanya. Wanne ne a ciki ya fi ƙarfin jaha guda? Kuma mutane ai suna zuwa, ko an gyara ko ba a gyara ba. Tambayar ita ce su je su dawo da sauƙi, ko su je su dawo da wata cutar. Maganar tsaro kuwa, matashin da ke da aikin yi a garinsu, direba ne, mai dafa abinci ne, mai sayar da lemun Timiya ne, ya fi wuyar ruɗuwa da mai zaman kashe wando.

Wani kuma zai ce, "Ku bar mana wurinmu yadda muka gada, da zamani ya shiga albarka za ta fita." Wannan tsoron ban raina shi ba, don mun sha ganin an gyara wuri an kori masu shi. Shi ya sa na ce a rubuta haƙƙin talaka tun farko. Amma barin abu yadda yake shi ma zaɓi ne, kuma yana da farashi. In jama'a na ƙaruwa, tsari bai ƙaru ba, ƙazanta ce za ta ci wurin, ba zamani ba.

Ga kuma maganata ga masu shirin kai iyayensu. Ruwan zafi na sassauta jijiya, yana rage raɗaɗin gaɓɓai, mutum ya samu barci, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya shekara yana juyi a tabarma. Amma ba ya maido da gurunguntsin gwiwa da ya cinye, ba ya warkar da suga, ba ya maye gurbin maganin hawan jini. Kafin ku ɗau hanya, ku biya wurin likita a auna tsohon nan. Ku tafi da maganinsa, kada ya daina sha. Kada ya daɗe a cikin ruwan, ya riƙa shan ruwan sanyi, in ya ji jiri ya fito nan take. Duk wanda ya ce muku ruwa guda na maganin cuta ɗari, aljihunku yake kallo.

Lushon ba ta fi Abzin kyau ba. Wanda ya taɓa ganin hantsi a kan duwatsun Bagzam ko lambunan Timiya ya san haka. Abin da suka fi mu shi ne wani ya tashi ya yi hanya, waɗanda suka biyo baya suka yi tsari, da layin ya mutu kuma ba su haƙura ba sai da suka tada shi. Namu ruwan yana can yana ɓuɓɓuga, bai gaji ba. Mu ne za mu zaɓa ko mu ma sai ya jira mu shekara dubu.

Waɗanda suka taɓa zuwa Tafadek, musamman ƴan uwanmu na Agadas da Cirozerin, ku faɗa mana abin da idonku ya gani da abin da kuke ganin ya fi gaggawa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai wani jiƙon.